Sabon Babur Ya Daina Caji: Yadda Za Ka Gano Laifin Ba Tare Da Ka Ɓata Garantinka Ba

Babur bai cika shekara a hannunka ba. Wata safiya ka danna sitata, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban mita suka dushe, injin ko motsi. Ka tura shi wurin dila, aka leƙa, aka ce batir ne, aka sa sabo. Kwana goma ka samu lafiya, a na sha ɗaya ƙas-ƙas ɗin ya dawo. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Batir ma'aji ne kawai. In abin da ke zuba masa wuta ya lalace, ko sau biyar aka canza shi mutuwa zai riƙa yi, kai kana zarya, kwanakin garantinka suna ta zubewa.

Mai babur da ke cikin garanti yana tsaka mai wuya. In ya ɗauki sufana ya buɗe injin, ya miƙa wa kamfani hujjar ƙin biya. In kuma ya naɗe hannu, sai abin da aka gaya masa. Shawarar da nake bayarwa ita ce: awo naka ne, kwancewa tasu ce. Kusan duk abin da ake bukata don a gane mai laifi ana iya auna shi daga waje da ƙaramar mitar awon wuta, ba a kwance noti ko ɗaya na injin ba. Wanda ya je da lambobi a rubuce, ba a sallamarsa da sabon batir.

Yadda wutar take tafiya

A gefen injin, bayan murfi, akwai wani kwano mai maganaɗisu a jikinsa wanda makanikai ke kira magnato. Yana ɗaure a sandar injin, tana juyawa yana juyawa. Daf da shi akwai kwayil, wato wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe a kan haƙoran ƙarfe, shi kuma ba ya motsi. Maganaɗisun na giftawa ta gaban kwayil, wuta na samuwa. Sai dai wuta ce mai kai-da-komo, wadda ake rubuta wa AC, kuma ƙarfinta na hawa da hawan totur har ya wuce 60V. Batir ba ya cin irin wannan. Shi ya sa aka sa rektifaya a tsakani, aikinta biyu: ta miƙar da wutar ta koma DC, sannan ta tsare ƙarfinta a wajen 14V. Daga nan waya ta ɗauka, ta bi ta babban fiyus, ta kai batir.

Akwai abu ɗaya da in ka gane shi sauran bayanin zai zo maka da sauƙi. Yawancin rektifayoyin da babura ke fitowa da su ba sa hana kwayil yin wuta idan batir ya cika. Rarar suke mayar masa, ta koma zafi. Ma'ana kwayil kullum a iyakar ƙarfinsa yake aiki, ko fitila na kunne ko tana kashe. Saboda haka zafi ne ke kashe kayan caji: ya gasa fentin da ke rufe wayar kwayil, ya narkar da soket, ya dafa cikin rektifaya. Shi ya sa kuma laifin kan ɓuya da safe ya bayyana bayan doguwar tafiya.

Kafin ka taɓa komai

Ɗauko littafin garanti ka karanta, musamman shafin abubuwan da ba su shiga ba. Manyan kamfanoni kan ba da shekara ɗaya zuwa uku, gwargwadon ƙasa da samfurin babur, wasu kuma da iyakar kilomita, duk wanda ya riga cika. Lissafin yana farawa daga ranar da aka fara sayar da babur ɗin, ba daga ranar da ya zo hannunka ba, in na hannu ka saya. Kwayil, magnato, rektifaya da wayoyin asali galibi suna ciki. Ƙwan fitila da fiyus ba sa ciki. Batir kuwa sau da yawa garantinsa daban ne, kuma ya fi gajarta. Ka lura da wannan sosai: idan aka rubuta cewa batir ne ya mutu, kana iya biya daga aljihunka, alhali in rektifaya ce ta kashe shi, kana da bakin neman a haɗa su duka.

Abin da za ka iya yi lafiya: ɗaga kujera, auna batir, cajinsa da cajar da ta dace, ɗaure kan batir, duba fiyus, zare soket ka mayar. Abin da za ka bari: yanke waya, ɓare ta don ka sa tsinken mita, buɗe murfin injin, sa wata rektifaya "don gwaji". Kada ka haɗa batirinka da na motar da injinta ke aiki. Kada kuma ka yarda da tsohuwar dabarar nan ta zare kan batir injin na aiki a ga ko zai mutu. Batir ne ke shanye tsallen wuta. Ka cire shi, tsallen ya faɗa kan rektifaya da kwamfutar injin, ka sayi sabon laifi da kuɗinka.

Kayan aikinka: mita mai nuna lamba wadda ke auna V (ƙarfin wuta) na DC da na AC, da Ω (wahalar wucewar wuta a waya), da mA (ƙaramin awon wutar da ke gudana, dubu ɗaya ke yin A ɗaya), cajar batirin babur, takarda da biro, wayar salula don hoto. In ka samu littafin gyara na samfurinka, lambobinsa sun fi nawa. Waɗanda zan kawo na gama-gari ne.

Mataki na farko: batir

Ba a yi wa caji hukunci da mataccen batir, don zai ja lambobin ƙasa ya sa ka zargi marar laifi. Ka cika shi tukuna. Ƙa'ida ita ce kashi ɗaya cikin goma na girmansa: batir mai 8Ah a ba shi wajen 0.8A. Cajar mota mai ƙarfi tana dafa ƙaramin batir. Bayan ya cika ka cire caja, ka bar shi ya huta aƙalla awa ɗaya, kwana ma ya fi, sannan ka auna da makulli a kashe.

Batirin dalma mai lafiya zai nuna 12.6V zuwa 12.8V, rufaffen nan da ake rubuta wa AGM yakan ɗan ɗara. 12.2V rabi ke nan. 12.0V ya kusa ƙarewa. In ka cika shi ya kwana ya sauko wajen 10.5V, ɗaki ɗaya cikin ɗakunansa shida ya mutu, don kowane ɗaki kusan 2.1V yake riƙewa. Batirin litiyam lissafinsa daban: cikakke yana zama a wajen 13.2V ko sama, kuma 12.8V a wurinsa yunwa ce.

Sai ka bar mita a kai ka danna sitata. Lambar za ta faɗi, amma bai kamata ta sauka ƙasa da wajen 9.5V ba. Batirin da ke nuna 12.7V a zaune amma ya zube zuwa 6V da an danna, ya gama aiki. Rubuta lambobin biyu. Ka kuma girgiza kan batir da yatsa. Kunya ce a faɗa, amma babura da yawa da aka yi wa zargin kwayil, noti ne kawai ya saki a kan batir.

Mataki na biyu: awo injin na aiki

Wannan shi ne gwajin da ke raba gardama. Mita na kan batir, ja a kan +, baƙi a kan −. Tayar da injin, bar shi ya yi ɗumi. Rubuta lambar a silo. Ja totur zuwa juyi 3,000 a minti ka rubuta, sannan 5,000 ka rubuta. Kunna babbar fitila ka maimaita.

A silo, 12.8V zuwa 13.5V ba abin damuwa ba ne, babura da yawa ba sa caji sosai a nan. Da an ja totur ya kamata lambar ta hau ta zauna tsakanin 13.5V da 14.5V, ko kusa da haka, ta tsaya cak. In ta ɗan sauko kaɗan a babban juyi, halin irin wannan rektifaya ne.

Idan lambar ta ƙi wuce wadda ka samu a batir a zaune, ko tana ta sauka injin na aiki, babu caji. Babur yana cin ajiyarsa ne. Idan ta hau zuwa 13V da ɗan kai ta tsaya, kuma fitila na kunnuwa ta faɗi, caji na nan amma rabi-rabi, abin da ke nuna ƙafa ɗaya ta kwayil, wato ɗaya daga cikin naɗe-naɗen wayarsa, ta tafi ko soket ya ƙone. Idan kuwa ta wuce 15V tana ci gaba da bin totur, kashe injin nan take. Caji ya yi yawa. Alamominsa ƙwan fitila na yawan ƙonewa, batir na zafi ko kumbura, wani lokaci da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Kada ka hau shi zuwa wurin dila, a ɗauke shi. Batirin litiyam ma ya fi rashin haƙuri, wajen 14.6V ne iyakarsa.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa. Ka yi wannan awo da sanyi, komai lafiya, ka ɗauka ka huta. Hau babur ɗin ka yi minti ashirin ko talatin, ka tsaya, kada ka kashe, ka sake aunawa. Na taɓa fama da wani babur da aka kai wurin dila sau biyu ana dawo da shi da takardar "ba a ga laifi ba". Da sanyi 14.2V yake bayarwa. Bayan rabin awa a kan hanya sai 12.1V. A gareji ana tayar da shi minti biyu a auna a rufe, laifin kuwa sai kwayil ya gasu yake fitowa. Bidiyon mita tare da allurar juyi, da zafi, shi ya kawo ƙarshen musun. Gani ya kori ji. Ka ɗauki naka, ka tabbata lambar kilomita ta fito a ciki.

Mataki na uku: ko wani abu na shan wuta a ɓoye

In caji ya fito daidai da sanyi da zafi amma batir na mutuwa idan babur ya kwana biyu a ajiye, ɓarawon dare ne. Kashe makulli. Cire wayar − daga batir. Sa mita a kan A mafi girma, tsinke ɗaya a kan batir, ɗaya a wayar da ka cire, sannan ka sauko zuwa mA. Kada ka kunna makulli, balle sitata, fiyus ɗin mita zai tashi.

Babur marar tarkace ba ya wuce mA ɗaya ko biyu. Mai agogo da na'urar hana sata yakan ɗan fi haka. In ka ga 50mA, yi lissafi: batir mai 8Ah zai ƙare ƙaf cikin awa 160, ko sati bai cika ba, kuma tun a kwana na uku ko na huɗu sitata za ta fara nauyi. Zare fiyus ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. In duk ka zare ba ta faɗi ba, zare soket ɗin rektifaya. Ta faɗi? To wani diyod a cikinta, wato ƙofar da ke barin wuta ta wuce gefe ɗaya kawai, ya huje, wuta na komawa baya. Wannan laifin garanti ne tsantsa. Amma in cajar waya ko na'urar bin sawu da ka ƙara ce ke sha, laifin ba na kamfani ba ne.

Mataki na huɗu: wayoyi da soket

Kafin a zargi kaya masu tsada a bi hanya. Bi wayoyin da suka fito daga murfin injin har zuwa soket. A babura masu kwayil mai ƙafa uku za ka ga wayoyi uku launi ɗaya: rawaya a yawancin Honda, farare a yawancin Yamaha. Kashe injin, zare soket ɗin, duba ciki, ka kuma shinshina. Roba ta yi ruwan ƙasa ko ta narke? Haƙoran sun yi baƙi ko kore? Akwai baƙin mai a ciki, alamar yana biyo waya daga injin? In ka ga ɗaya daga ciki, ɗauki hoto ka mayar yadda yake. Kada ka kankare, kada ka wanke. Hujjarka ce.

Dalilin ƙonewar soket mai sauƙi ne. Haƙori ya ɗan saki, wuta na wahalar wucewa, wurin ya yi zafi. Zafi ya ƙara sassauta shi, ya ƙara zafi. Haka har roba ta narke.

Akwai gwajin da ke kama irin wannan ko ido bai gani ba, wato auna wutar da ke ɓata a hanya. Injin na juyi 3,000, fitila a kunne, mita a V na DC. Tsinke ɗaya a jar wayar da ke fita daga rektifaya, ta bayan soket ba tare da ka huda roba ba, ɗaya a kan + na batir. Waya mai lafiya ba za ta nuna fiye da wajen 0.2V ko 0.3V ba. Maimaita tsakanin wayar − ta rektifaya (kore a Honda) da kan − na batir. In ka ga 0.7V ko 1V, rektifaya na aikinta, hanya ce ke cinye wutar: gidan babban fiyus, ko inda aka ɗaure wayar − a jikin ƙarfen babur, wanda wani lokaci fenti ke shiga tsakani tun daga masana'anta.

Wasu rektifayoyin suna da ƙarin siririyar waya da ke zuwa daga makulli, da ita suke jin ƙarfin batir. In datti a makulli ko soket ya rage wutar wannan waya, rektifaya za ta ɗauka batir na jin yunwa ta yi ta ɗura masa. Sai a ga caji ya yi yawa, a canza rektifaya, sabuwar ma ta yi haka.

Mataki na biyar: kwayil

In soket ɗin kwayil na kusa, ka yi da kanka. In sai an ɗaga tanki ko an kwance rabin jiki, bar wa dila, amma ka nemi lambobin nan a rubuce. Gwaji uku ne, duka a ɓangaren soket da ya nufi injin.

Na ɗaya, injin a kashe, mita a Ω mafi ƙanƙanta. Fara haɗa tsinken mita biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, ka riƙa cire shi daga sakamako. Auna waya ta 1 da ta 2, ta 2 da ta 3, ta 1 da ta 3. Lambar ƙarama ce, galibi tsakanin 0.1Ω da 1Ω. Abin dubawa shi ne ukun su zo ɗaya. In ɗaya ta nuna OL, wato babu haɗi, waya ta tsinke a ciki.

Na biyu, kowace waya da jikin injin. Dole mita ta nuna OL, wato babu haɗi ko kaɗan. Duk lambar da ta fito tana nufin rufin waya ya ƙone, kwayil na taɓa ƙarfe.

Na uku shi ya fi gaskiya. Soket a zare, mita a V na AC, tayar da injin da ƙarfin batir. Auna haɗin nan uku a silo, sannan a juyi 5,000. A silo za ka ga wajen 15V zuwa 25V, a sama kuma 50V zuwa 70V ko fiye, gwargwadon babur. Yi hattara da yatsunka, wannan wutar tana ja, kuma kada tsinken biyu su taɓa juna. Ukun su zo kusan ɗaya. Biyu 60V ɗaya 35V, kwayil ya tafi. Ukun daidai amma duka ƙasa da abin da littafi ya ce, ka zargi magnato: maganaɗisu ya yi rauni, ko ya ɓalle daga mazauninsa. Ba ya yawan faruwa, amma in ba a duba ba sai a sa sabon kwayil a banza.

Ka sani kwayil na iya cin gwajin farko da na biyu da sanyi ya faɗi da zafi. Ƙaramar mita da 'yar wuta take gwaji, ba ta tona raunin rufin waya. Gareji mai kyau yana da mita ta musamman da ke tura ɗaruruwan V don wannan.

Ƙananan babura masu silinda ɗaya da yawa ba haka suke ba. Kwayil ɗinsu ƙafa ɗaya ce, sau da yawa farar waya ta caji da rawaya ta fitila, kuma ƙarshen kwayil a jikin injin aka ɗaure shi da gangan. A irinsu gwaji na biyu zai nuna haɗi, kuma lafiya ce. Alamarsu ita ce babbar fitila ba ta kamawa sai injin ya tashi, tana haske da totur. Wasu manyan baburan tafiya kuma, irin Honda Gold Wing, janareto irin na mota gare su, gwajinsu daban. Ka san irin naka kafin ka yanke hukunci.

Mataki na shida: rektifaya

Ita ce ta ƙarshe don ba a iya gwada ta gaba ɗaya da ƙaramar mita. Da mita a kan alamar diyod kana iya auna kowace wayar kwayil da jar waya, sannan da ta −: gefe ɗaya wajen 0.4V zuwa 0.7V, in ka juya tsinke OL, ukun iri ɗaya. Wanda ya bambanta ya mutu. Sai dai wannan rabin aikinta kawai yake dubawa, bai taɓa ɓangaren tsare ƙarfi ba, kuma sababbin nan masu wani makunnin wuta na zamani da ake kira MOSFET, irin FH020 na kamfanin Shindengen, ba sa ba da lambobin da aka saba. Don haka da ragowa ake kama ta: batir lafiya, hanya lafiya, kwayil lafiya da zafi, caji kuma babu ko ya yi yawa, saura ita.

Zuwa wurin dila

Tafi da rasit ɗin saye, littafin sabis mai hatimi, takardar lambobinka da kwanan wata da kilomita, da hotuna. Kafin ka fita, ɗauki lambar jikin babur mai harafi da lamba 17 ka bincika ko kamfani ya yi kiran dawo da samfurin saboda wani laifi. Manyan kamfanoni suna da shafin duba wannan, a Amurka kuma hukumar NHTSA na da nata. Gyaran irin wannan kira kyauta ne, bai jira garanti ba.

Maganar kayan da ka ƙara kuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bakanike zai ga sawun tef da yankan waya ko ka cire. Gara ka faɗa, ka kuma yi lissafinka: ƙwan H4 mai 55W yana jan kusan 4.5A, ƙarin fitilu biyu irinsa sun isa su rinjayi ƙaramin kwayil. In abin da ka ƙara ɗan ƙarami ne, da fiyus ɗinsa, kai tsaye daga batir, kana da bakin magana. A Amurka dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garanti don kawai an sa kayan da ba nasa ba. Ƙin biya sai in kayan ne suka jawo laifin. A Tarayyar Turai mai sayarwa na ɗauke da alhakin sabon kaya aƙalla shekara biyu, ko me littafin kamfani ya ce, Birtaniya kuma tana da dokar haƙƙin mai saye ta 2015. Ka nemi sanin abin da dokar inda kake ta tanada.

Wajen rubuta takardar karɓa, ka faɗi abin da ka gani, kada ka faɗi abin da za a canza. In ka ce "a canza mini rektifaya", ita za a canza, in ba ita ba ce ka jawo wa kanka. Ka ce a rubuta: batir na mutuwa, caji 14.1V da sanyi, 12.2V bayan minti talatin. Karɓi kwafi mai kwanan wata. Ko da an ce kaya sai an yi oda, wannan takarda ce shaidar cewa ka kai ƙara garanti na da rai. Ka kuma tambaya tun farko wa zai biya kuɗin bincike in kamfani ya ƙi amincewa, don dila yakan tura hotuna da lambobi ne ya jira izini, kuma tsohon kayan ana iya neman a mayar wa kamfani. Yi magana da bakanike da girmamawa, ka nuna masa lambobin a matsayin taimako. Mutumin da zai cika takardar neman biyan ke nan.

Gyaran da ya amsa sunansa

In kwayil ne, za a zubar da baƙin mai a baburan da kwayil ke wanka a cikinsa, a cire murfi, a sa sabon kwayil da sabon fakin, a shafa abin toshe yoyo a robar da wayoyi ke fita, a ɗaure kusoshi da sufana mai awo. A leƙa cikin magnato ko akwai ɓaraguzai ko sawun gogayya. In shi za a cire, da abin zarensa na musamman ake yi, ba da guduma ba. Kwayil da ya ƙone ya zubar da gawayinsa a mai, don haka sabon mai ya zama dole.

In rektifaya ce, a goge mazauninta, ta zauna daram a kan ƙarfe inda iska ke bugunta. In soket ya narke, gefe biyu ake canzawa. Sabon namiji a tsohuwar macen da ta ƙone, wata kaɗan zai yi. Kuma tunda ɗayansu na iya kashe ɗaya, ka nemi a gwada wanda ba a canza ba, a rubuta. Batirin da aka dafa da 16V, ko ya sha mutuwa har ƙasa sau da yawa, ba zai koma yadda yake ba. Ka nemi a sa shi cikin neman biyan a matsayin ɓarnar da laifin ya jawo.

Za ka ji ana yabon rektifayoyin da ke katse wutar kwayil maimakon mayar masa, irin SH775 da SH847, don suna rage masa zafi. Gaskiya ne, ni ma ina son su. Amma sa su na bukatar sauya waya, don haka ka jira garanti ya ƙare.

Ranar karɓa, tsugune ba ta ƙare ba. Kafin ka sa hannu, a ɗora mita a gabanka: silo, 3,000, 5,000, fitila a kunne. Karɓi takardar da ta nuna kayan da aka canza da lambobinsu, ka tambayi garantin da ke kan sabon kayan, don wasu kamfanoni ragowar na babur kawai suke ba shi. Hau ka yi rabin awa, ka auna da zafi, ka taɓa soket da hannu a hankali. Ɗumi ba laifi, zafin da ba ka iya riƙewa laifi ne. In an ƙi biya, nemi dalilin a rubuce, ka kai wa ofishin kamfanin da ke kula da masu saye tare da kwafin komai. Garantin na kamfani ne, kuma yawanci wani dilan da kamfanin ya amince da shi na iya sake dubawa. Bayan sati ɗaya, da safe kafin ka tayar, sake auna batir. In ya nuna 12.6V ko sama, rubuta a ƙasan takardar nan da kwanan wata, ka ajiye ta cikin littafin sabis.